Hannun Auta da Bakin Ba-Birki

Zuwa ga babban yayanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, ya yi wa nemanka albarka, ya tsare ka daga sharrin baƙon wuri, ya kuma nuna mana ranar da za ka shigo gidan nan da ƙafarka, ba muryarka kaɗai ba. Mu ma a nan muna lafiya, alhamdu lillahi, sai kewarka da ba ta ƙarewa.

Inna tana nan da sauƙi, gwiwar ce dai take tashi in an yi sanyi. Sandar da ka aiko mata ta iso, ta yi ta sa maka albarka, amma kada ka ɗauka dogarawa take yi. Ta ce ita ba ta tsufa ba tukuna. Da sandar take sauko da shanya daga igiya, da ita kuma take korar kyanwar maƙwabta daga kicin. Maigidana Malam yana nan yana fama da ɗalibai da ƙurar alli. Yara sun koma makaranta, ƙaramar ta fara haɗa baƙi, duk allon da ta gani a titi sai mun tsaya ta karanta shi, ko da kuwa mun makara. Matar Auta ta yi nauyi sosai, yau ko gobe muke dubanta, ka sa ta a addu'a.

Na san za ka ce me ya sami Barkono har ta ɗauki biro a zamanin waya. To, duk ran da ka kira, Inna tana manne da kafaɗata, ba na iya faɗin komai sai lafiya lau. In kuma na same ka ni kaɗai, kafin in kai tsakiyar magana ka yanke hukunci ka ce a yi haƙuri. Takarda ba ta da inda za ka katse ta. Ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗauki waya, don abin da nake nema a wurinka yana can ƙasa, kuma ba zai fahimtu ba sai ka bi ta kan na sama. Gaskiya kwanakin nan ba ni da sukuni. In ina kantin maganin da nake aiki, hankalina yana shagon ɗinkin yayarmu, Yaya Tela. In na je shagon na kasa zama, in na dawo gida na kasa cin abinci. Jiya sai da mai kantin ya tambaye ni ko lafiya, don ya tarar na jera maganin tari a layin maganin ciwon ciki. Wannan takardar ma ban san iyakar waɗanda na fara na yaga ba kafin ita.

Ka tuna murnar da ka yi lokacin da muka tura maka hoton ƙaninmu Auta a talabijin, yana tsaye a ɗan akwatin nan na kusurwa yana fassara wa kurame jawabi da hannu. Ka ce yau kurumtar Yaya Tela ta zame wa gidanmu arziki, tunda a dalilinta yaron ya iya maganar hannu har yake cin abinci da ita. Mu ma mun yi murna. Abin da ba mu gaya maka sosai ba shi ne wane ne mutumin da ya cika sauran fuskar talabijin ɗin. Ɗan siyasa ne mai neman babbar kujera a nan, kuma tun kafin ya fara nema kowa ya san shi da Ba-Birki. Abokan hamayya ne suka laƙa masa sunan don zagi, shi kuwa ya sa aka buga shi a jikin motocinsa. Mutum ne da in ya riƙe abin magana, bakinsa yakan riga hankalinsa isa.

Ba zan iya kawo maka maganganunsa duka ba, takarda za ta ƙare. Da malamai suka shiga yajin aiki, cewa ya yi ai ba mai riƙe alli sai wanda ya nemi abin yi ya rasa. Malam ya ji wannan a rediyo yana ɗaura takalmi, ya zauna da takalmi ɗaya a ƙafa har na zaci jiri ne ya ɗebe shi. Da ruwa ya cinye unguwar su Gwaggo, ya je da sababbin takalman roba, ya tsaya a kan gada ya ce wanda ya yi gini a gidan kwaɗi bai kamata ya yi kuka ba in masu gida sun dawo. Wata 'yar jarida ta tambaye shi batun asibitin da babu gadaje, ya ce ta fara zuwa ta duba ko mijinta ya ci abinci, in ma tana da shi. Tsofaffin ma'aikata suka yi masa zaman dirshan a ƙofar ofis, ya ce sun ƙi mutuwa sun kuma ƙi yin shiru. Matasa marasa aiki kuwa, ya ce da ana fitar da lalaci ƙasashen waje da mun fi kowa arziki. Kullum washegari sai kakakinsa ya shiga rediyo ya ce ba a fahimci Maigida ba, raha ce. Abin da ya fi ba ni haushi, Yaya, rabin masu zuwa kantinmu dariya suke yi, suna cewa ai gara shi, abin da ke cikinsa yake faɗa. Kowa yana jin daɗin wasan har ranar da aka zo kansa.

Yanzu bari in tuna maka wani abu na gidanmu. Ka san tun Auta bai kai tsayin tebur ba ya zama kunnen Yaya Tela, don a bayanta ya girma, hannunsa ya riga bakinsa iya magana. Ka kuma san yadda muke yi. In Baba ya yi mata faɗa, sai Auta ya nuna mata cewa Baba ya ce ta gaji, ta je ta huta. In baƙuwa ta zo ta dube ta ta ce wayyo, kyau har kyau amma an yi asara, sai ya nuna mata an yaba kitsonta. Inna ce ta raɗa wa abin suna. In magana ta yi ɗaci sai ta ce, Auta, zuba sukari. Duk gidan mun ɗauke shi tausayi, har yaba masa muke yi in ya iya juya magana da sauri. Kai kaɗai ne ba ka taɓa shiga wannan sana'ar ba, sai dai ka tsuke fuska ka fita.

To, da wannan hannun ya tafi aiki. Ba wanda ya sa shi. Su mutanen Ba-Birki ba su san maganar hannu ba, in dai wani abu yana motsi a kusurwa, buƙatarsu ta biya. Ranar maganar kwaɗi, abin da hannun Auta ya faɗa shi ne Allah ya mayar da alheri, a riƙa kula da hanyar ruwa in za a yi gini. Ranar malamai, ya ce koyarwa aiki ne mai wuya da ba kowa ke iya shi ba. Ni da nake tsintar hannu sama-sama, in ina kallo sai kaina ya ɗaure, kunnena yana jin zagi, idona yana ganin addu'a.

Ka san Yaya Tela ce shugabar matan ƙungiyar kurame yanzu, kuma a shagonta suke taruwa in za a nuna jawabi. Sukan ture tarin yadi gefe, su zazzauna a benci da kan teburin yanka, a ɗora talabijin a kan kabad ɗin zare, ido duka a kusurwar nan. A wurinsu ba a taɓa ɗan siyasa mai tausayi da sanin darajar mutane kamar Ba-Birki ba. Shi ne na farko da ya ajiye musu tafinta, kuma duk abin da ya fito daga gare shi alheri ne. In wata cikin 'yan matan da suka yi karatu ta ce ta ga wani abu daban a rubuce a waya, sai manyan su ce sharrin 'yan hamayya ne, su da idonsu suka gani, kuma ƙanin shugaba ba zai yi musu ƙarya ba.

Na tare Auta ba sau ɗaya ba. Na ce masa wannan ba tsakar gidanmu ba ce, mutane ne masu ƙuri'a a hannu, kuma shi ne yake lulluɓa wa kura fatar akuya. Ya ce shi hannunsa ba zai iya zagin tsofaffi ba, in ya yi niyyar fassarawa daidai sai yatsun su ƙi. Ya ce in bari zaɓe ya wuce, ga iyali a gaba, aiki kuma ba a tsintarsa a titi. Na ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Muka rabu baram-baram. Na gwada Yaya Tela ma, amma ka san hannuna i'ina yake yi. Na nuna mata mutumin nan ba shi da kirki, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ni dai tun ina goye ba wanda yake burge ni. Ganin farin cikinta sai na kasa ƙarasawa.

Ana haka suka yanke shawara a ƙungiya za su yi masa kyauta a babban taron da zai yi. Yaya Tela ta ce ita za ta ɗinka masa riga. Yaya, ban taɓa ganin ta zuba wa ɗinki rai irin wannan ba. Ta ture aikin mutane gefe, ta auna shi da ido daga hotuna, ta zaɓi yadi ruwan toka mai nauyi, aikin wuyan kuwa da hannu ta yi shi, allura da zare, har bakin yatsanta ya yi tauri. Duk ran da na biya sai ta ɗaga mini in gani, ta juya cikin rigar ta nuna mini ko zare ɗaya bai leƙo ba. Na yi ta addu'a Allah ya sa a ɗage taron, ko ya sa mutumin ya kwana da mura muryarsa ta dishe.

Ranar taron na nemi izini a kanti na raka ta. Zauren ya cika maƙil, fankoki sai juya zafi suke yi, an ba matan ƙungiya layin gaba daga gefe inda za su ga Auta sosai. Da aka kira su, Yaya Tela ta hau da rigar a ninke a hannu biyu, ta miƙa masa, sannan ta juyo ta yi jawabinta da hannu, Auta yana mayarwa da baki. Ta ce su mutane ne da aka saba yin magana a kansu ba da su ba, kuma shi ne na farko da ya yi musu magana mai daɗi. Ba-Birki ya warware rigar ya ɗaga, aka yi tafi, har na fara sauke ajiyar zuciya. Sai ya jawo abin magana ya ce, "Jama'a, ga irin matar da nake yi wa kowane namiji fata. Ba ta ji, ba ta magana, sai aiki. Da duk haka kuke, da na yi mulki ina barci. Ku duba ku gani, ko zaginta na yi yanzu godiya za ta yi mini." Ya juya ya dube ta da murmushi har kunne, ya kira ta da sunan wata dabba da ba zan rubuta ba a takardar da na buɗe da sallama.

Ita kuwa ta yi abin da ta saba yi tun Auta yana ƙarami, ta juya ta dubi hannunsa. Na ga hannun ya tsaya a iska. A raina ina cewa gaya mata, ko ka sauke hannun, ko ka kama ta ku sauko. Sai yatsun suka tafi da kansu a kan hanyar da suka sani: ya gode, ɗinki ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Yaya Tela ta dafa ƙirji, ta ɗan rusuna wa mutumin, ta yi masa godiya da fara'a, daidai yadda ya ce za ta yi. Zauren ya kece da dariya, har da masu dukan kujera. Matan da ke gefena suka ga jama'a na murna, suka ɗaga hannuwa sama suna kaɗawa, tafinsu ke nan. Na miƙe na faɗi abin da ya zo bakina, amma an riga an saki kiɗa, ko na kusa da ni bai ji ba. A motar dawowa ta ga fuskata ta tambaye ni me ya faru, na nuna mata kaina ke ciwo. Ka ga ni ma na zuba nawa cokalin.

Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Kafin azahar ɗin washegari bidiyon ya gama gari, an rubuta kowace kalma a ƙasansa. Wasu na tsine masa, wasu na tura wa juna don dariya. Kakakin ya shiga rediyo ya ce yabo ne aka juya, Maigida masoyin naƙasassu ne, shaida ma ga shi ya sa rigarsu. Kuma ya sa ɗin. Sababbin fastocinsa duk da rigar aka ɗauke shi, akwai ɗaya manne a bangon da ke kallon ƙofar shagon Yaya Tela. Ɗaya daga cikin 'yan matan ƙungiya ce ta kai mata wayar, ta fassara mata rubutun ba ragi.

Da la'asar ta rufe shago ta zo gidan Inna, ta aika aka kira ni. Ta zaunar da Auta a kujerar da ke fuskantar taga don haske ya sauka a hannunsa, ta ajiye waya a tebur, ta ce ni in zauna in saurara, duk inda hannunsa ya kauce wa abin da kunnena ya ji in buga teburin. Ta sa ya sake fassara mata jawaban, ya fara da na zauren. Daga nan ta sa aka nemo tsofaffin, ɗaya bayan ɗaya, na malamai, na 'yar jarida, na tsofaffin ma'aikata. Auta yana yi hawaye na zuba, kuma ban buga tebur ko sau ɗaya ba. Ita ko ɗigon hawaye babu. A na kwaɗi ne kawai ta sa ya maimaita. Ashe lokacin ambaliyar ita da kanta ta je ta gaya wa Gwaggo cewa mutumin ya yi musu addu'a a talabijin, Gwaggo ta dube ta kawai ta shafa kanta. Inna tana bakin ƙofa da sandarka tana cewa a bari haka, ya isa, amma ba wanda ya ɗaga hannu ya fassara wannan.

Na ɗauka an gama. Ta kife wayar, ta daɗe tana kallon hannun Auta, sannan ta shafa haɓarta, alamar Baba ke nan a wurinta tun muna yara. Ta ce, "Baba fa? Abin da ka gaya mini a asibiti, shi ya faɗa ko kai?"

Yaya, ka fi ni sanin nauyin wannan tambayar. Baba bai taɓa koyon hannu ba, ban da zo, tafi, ci. Da ta ce za ta buɗe shago ya hana, ya ce za a cuce ta a yi mata dariya, da ta buɗe kuma har ya kwanta ciwo bai taka ƙofarsa ba. A ranarsa ta ƙarshe ya riƙe hannunta ya daɗe yana magana, Auta yana ƙafar gado yana fassarawa. Ya ce mata Baba ya ce ya yi kuskure, ya ce yakan bi ta titin ya tsaya daga nesa ya kalli mutane suna shiga shagonta, ya ce a cikin 'ya'yansa ba wanda ya sa shi alfahari kamarta, ta yafe masa. Da wannan maganar ta rayu duk shekarun nan. Saboda ita ta rataye hotonsa a saman kekenta, kullum da safe sai ta goge shi kafin ta goge keken.

Auta ya rantse da hannu, ya rantse da baki, ya durƙusa a gabanta. Sai ta rufe ido. Mu masu ji ko mun toshe kunne magana tana ratsowa, ita kuwa in ta rufe ido shi ke nan, ba ta inda za ka shiga. Ta tashi ta lalubi mayafinta ta fita. Tun ranar, in Auta ya shigo wuri sai ta kau da kai. Ya je shagon ya tsaya a gabanta, ta sunkuya a kan ɗinki har ya gaji ya tafi. Hoton Baba kuma ta sauke shi. Ba ta yar ba, na gan shi a kife a cikin aljihun teburin keken, tare da tsofaffin maɓallai.

Auta bai koma aikin ba. Mutanen Ba-Birki suna ta kira, yana kallon wayar har ta katse. Ya rame, yana zaune a ɗaki hannuwa a tsakanin cinyoyi kamar wanda ya aro na wani. Wani lokaci ina jin kamar in shaƙe shi, wani lokaci in na gan shi sai tausayi ya kama ni, don a gida ya koya, kuma mu muka yi masa tafi. Inna ta ce a bar wa lokaci. Malam ya ce mata lokaci yana rage zafi, amma ba ya ba da shaida. Ba-Birki kuwa tuni ya wuce wurin, shekaranjiya ma masu shara ya samu ya wanke. Shi ko a jikinsa. Ya ci zaɓe ko ya faɗi, ba wannan ne ya hana ni sakat ba.

Ga abin da nake nema. A ɗakin nan na asibiti daga Baba sai ita, sai Auta, sai kai da kake tallafe da kansa. Inna ta fita alwala, ni an aike ni sayen magani. Yau a duniya, in ka cire Auta, kai kaɗai ne mai kunnen da ya ji abin da Baba ya ce. Kuma kai za ta yarda da kai. Har yanzu tana ba da labarin rigar farko da ta ɗinka maka, kowa ya ce ta yi kyau, kai ka miƙe hannuwa biyu ka nuna mata hannun rigar ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ranar ta sha kuka, amma tun daga nan in tana son jin gaskiyar ɗinki kai take nema. Takan ce hannun Yaya bai iya magana ba, balle ya iya ƙarya.

Ka kira ta ta bidiyo, da rana, ka tsaya inda haske yake, ka jingina wayar don hannuwanka biyu su fito. Kada ka sa ni a tsakiya, kada ka sa kowa. Na san ka manta rabin alamomin, ka yi da ragowar, ka haɗa da fuska, za ta gane. Kuma ina roƙonka don Allah, kafin ka kira ka zauna ka tuna sosai. In Baba ya faɗa, ka gaya mata ya faɗa. In rabi ya faɗa, ka ba ta rabin. In kuwa Auta ne ya ƙaga, to ka gaya mata hakan, mu san yadda za mu ɗauki abin tare. Ba zan ɓoye maka ba, da na je na rantse mata cewa gaskiya ne, tambayata kawai ta yi ko ina ɗakin. Na dawo gida ina tambayar kaina abin da take tambaya.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata na gode da turaren. Ka gaida babban ɗana mai yawan tambaya, da uwata ta kaina, da ɗan ƙaramin da har yanzu a hoto kawai muka san shi. Inna tana sa muku albarka. Malam yana gaishe ka, Gwaggo ma kullum sai ta tambaye ka, haka matar Auta. Shi Autan bai san na rubuto ba. Yaya Tela kuwa ba zan ce tana gaishe ka ba, don ba ta ce ba, kuma na daina faɗin abin da mutum bai ce ba. Tana shago daga safe har la'asar, wayarta tana kan teburin yanka inda take ganin haskenta in an kira.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ƙanwarka,
Barkono